Me Ya Sa Har Yanzu Ake Tashin Jiragen Yaƙin 1940?

Tambaya: Ina yawan ganin bidiyon tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu suna shawagi a bukukuwan baje kolin jirage a Ingila da Amurka, fili ya cika maƙil da 'yan kallo. Mene ne abin sha'awa a jirgin da ya haura shekara 80? Ba gara a ajiye su a gidan tarihi ba, tunda kuɗi suke ci, kuma wani lokacin suna faɗowa har a rasa rayuka?

Amsa: Malam, wannan tambaya taka su kansu masu harkar suna tafka muhawara a kanta, kuma duk ranar da wani jirgi ya faɗi sai ta dawo sabuwa fil. Ni sana'ata gyaran jirage ce, da injin fistin aka fara koya mini aiki, kuma ina cikin masu ganin ya kamata a ci gaba da tashin su. Amma ina da sharuɗɗa, zan kuma faɗa maka su in mun iso wurin.

Fara duba yawan da suka rage. Birtaniya ta ƙera Spitfire, ƙaramin jirgin faɗa mai inji ɗaya, sama da 20,000, yau waɗanda ke iya tashi a duk duniya 'yan sama da 60 ne. An ƙera Lancaster, babban jirgin jefa bama-bamai mai inji huɗu, guda 7,377, saura biyu kacal ke tashi: ɗaya a sansanin Coningsby na Ingila, ɗaya a Hamilton ta Kanada. Amurka ta ƙera nata jirgin bama-baman, B-17, guda 12,731, masu tashi yanzu ba su kai goma ba. B-29 kuwa, daga 3,970, saura biyu, ana kiran su FIFI da Doc. Da aka gama yaƙi a 1945 babu wanda ya ɗauke su a bakin komai, jere su aka yi a filaye ana sarewa ana narkarwa. Akwai wani Spitfire mai lamba P7350 da ya yi gumurzun sararin Birtaniya na 1940. A 1948 aka sayar da shi ga 'yan gwangwan a kan fam 25. Allah ya sa masu kamfanin suka duba takardunsa, suka gane abin da ke hannunsu, suka mayar da shi ga sojan sama. Yana tashi har yau.

A shekara ɗaya, 1957, abu biyu suka faru a ƙasashe biyu. A Ingila rundunar sojan sama ta ware 'yan jirage kaɗan a Biggin Hill don tunawa da matuƙan 1940, wannan rukuni ne ya zama Battle of Britain Memorial Flight da ke Coningsby yanzu. A jihar Texas kuma wasu tsofaffin matuƙa, cikinsu har da Lloyd Nolen, suka haɗa kuɗi suka sayi jirgin faɗa samfurin Mustang guda ɗaya, daga nan ƙungiyar da ake kira Commemorative Air Force ta samo asali. Ɗaya aikin gwamnati, ɗaya aikin 'yan sa-kai, kuma har gobe a kan waɗannan ƙafafu biyu harkar ke tafiya, sai kuma masu hannu da shuni da ke sayen nasu.

To, me ya sa ba za a tura su gidan tarihi a huta ba? Ai da yawansu suna can, kuma hakan daidai ne. Gidan tarihin Smithsonian na Amurka ba ya tashin jiragensa ko kaɗan. Sai dai jirgin da ke tsaye ba ya buƙatar kowa ya san yadda yake aiki. A goge masa ƙura, a duba tsatsa, shi ke nan. Jirgin da zai tashi gobe da safe kuwa dole a samu mutumin da ya san injinsa ciki da bai, da wanda ya iya ɗinka ƙyallen lilin a kan wutsiyarsa ya shafe shi da maganin da ke sa ya ɗame, da wanda ya iya tuƙa shi. Wannan sanin ne nake jin tsoron ɓacewarsa, don rabinsa ba ya cikin littafi. A hannu yake, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon launin wuta a bakin zuga, ba wanda ya rubuta masa shi.

Bari in nuna maka da injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, wanda ke cikin Spitfire da Hurricane da Lancaster, har da Mustang, wanda kamfanin Packard ya riƙa ƙera masa irinsa a Amurka. Silinda 12 ne, girmansa lita 27. Kowace silinda tana da bawul huɗu da filogi biyu, wato filogi 24 a inji guda, 96 ke nan a Lancaster, kuma kowanne sai an kwance shi an duba bakinsa an auna ratarsa. In kaka ta yi aka daina wasanni, sai a shigar da jiragen rumfa, a buɗe su har haƙarƙarinsu ya fito. Makaniki zai zare matatar baƙin mai ya wanke ta a kan farin ƙyalle, ya sa ido yana neman ɗan ɓurɓushin ƙarfe. Launin ɓurɓushin, ja ne ko fari, yana gaya masa wane sashe na injin ya fara cin kansa. A watan Agustan 2017 aka gano aibu a wani ƙaramin giya a cikin Merlin guda ɗaya a Coningsby. Nan take aka dakatar da duk jiragen rukunin masu irin wannan inji, ana tsakiyar lokacin wasanni, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan tarbiyya nake so matasan makanikanmu su gani.

Jirage masu inji zagayayye, irin su B-17 da jirgin horo Harvard, suna da nasu halin. In sun kwana a tsaye, baƙin mai yakan tsiyayo ya taru a silindar da ke ƙasa. Wanda ya tada inji a haka, fistin zai daki man da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. Saboda haka kafin a kunna za ka ga mutane sun kama farfela suna juya ta a hankali, suna jin ko akwai inda ta cije. In injin ya kama sai ya yi tari, ya tofar da farin hayaƙi, sannan ya daidaita.

Matuƙin ma ba a ɗauko shi daga jirgin zamani a ɗora shi kai tsaye. Yawancin waɗannan jirage ƙaramar tayarsu a wutsiya take, don haka a ƙasa hancinsu a sama yake, matuƙi ba ya ganin gabansa, sai ya riƙa karkata hagu da dama yana leƙe. Spitfire tayoyinsa a matse suke, lagiretonsa kuma a ƙarƙashin fiffike yake, in ya daɗe yana jira a ƙasa ruwansa tafasa yake yi cikin 'yan mintoci. Wajen tashi ƙarfin farfela yana fizgar hancin gefe guda, sai an taka da ƙafa an tare. Spitfire mai injin Griffon farfelarsa juyin akasi take yi, fizgar ta koma ɗaya gefen, wanda ƙafarsa ta saba da Merlin in bai yi hattara ba sai ya tsinci kansa a ciyawa. Shi ya sa ake fara horo a ƙaramin jirgi irin Chipmunk, a wuce Harvard, kafin a miƙa wa mutum Spitfire. Kuma yawancin Spitfire kujera ɗaya ce, ranar farko babu malami a bayanka.

Abin da ya fi tabbatar mini da maganar sani shi ne labarin Vulcan, ƙaton jirgin jet mai fiffike kusurwa uku da aka ƙera don ɗaukar bam ɗin nukiliya. Na ƙarshensu, XH558, ya bar aikin soja a 1993. Jama'a suka yi ta karo-karo, aka kashe miliyoyin fam, ya sake tashi a watan Oktoban 2007, ya shekara takwas yana jan dubban 'yan kallo. A watan Oktoban 2015 ya yi tashinsa na ƙarshe, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau. Kamfanoni uku da doka ta ce sai da goyon bayansu zai tashi, BAE Systems da Rolls-Royce da Marshall, suka janye, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa masanan da suka san fasahar shekarun 1950 sun ƙare, ana ta kirawo tsofaffi daga ritaya. Jirgin yana nan a Doncaster, ba zai sake tashi ba.

Akasin haka ya faru da Mosquito, jirgin da aka ƙera da katako. Na ƙarshe mai tashi ya faɗi a Barton, kusa da Manchester, a 1996, mutum biyu suka rasu. Gangar jikin Mosquito ɓari biyu ce, ana manna siraran katako a kan wani ƙaton zubi sannan a haɗa, zubin asali kuwa an daɗe da watsar da su. Wani mutumin New Zealand, Glyn Powell, ya shafe shekaru yana sake ƙera zubin daga tsofaffin zane-zane. A watan Satumban 2012 Mosquito ya sake tashi a kusa da Auckland, bayan shekara 16 babu ko ɗaya a sama, kuma an sake gina wasu daga baya. Da don gidan tarihi ne kawai, ba wanda zai ɗauki wannan wahala, tunda jirgin da zai tsaya a ɗaki ba a damu da ko gam ɗinsa zai jure iska ba.

A nan ne wata muhawarar take. Jirgin da aka canza masa kusan komai, shi ne dai na tarihin? Ƙarfe yana gajiya. Lancaster na Coningsby an sa masa sabon ƙashin fiffike a tsakiyar shekarun 1990. Spitfire da yawa an haɗe fatarsu da ƙusoshin da ke ruɓewa da daɗewa, dole a cire su duka a sa sababbi. Wani Spitfire mai lamba P9374 ya yi saukar dole a gaɓar teku kusa da Calais ta Faransa a 1940, rairayi ya binne shi, sai 1980 ya bayyana. Ka san abin da ruwan gishiri zai bari bayan shekara 40. An gina shi kusan sabo, aka ɗora masa ɗan farantin lambarsa na asali, a 2015 aka yi gwanjonsa a Landan a kan fam miliyan 3.1. Masu tsantseni sun ce wannan sabon jirgi ne da tsohon suna. Gaskiyarsu ne, kuma ni hakan bai dame ni ba muddin an faɗa wa jama'a gaskiya. Irin waɗannan ma su suka fi dacewa da tashi, don in an yi asarar su ana iya gina wani.

Sharaɗina na farko ke nan: wanda ya zama shi kaɗai ya rage a irinsa, a bar shi a ƙasa. A watan Afrilun 2019 jirgin gwaji N-9M na kamfanin Northrop, mai siffar fiffike zalla, wanda babu na biyunsa a duniya, ya faɗi a California, matuƙinsa ya rasu, jirgin ya ragargaje. Babu kuɗin da zai dawo da shi.

Yanzu maganar haɗari, kuma ba zan sassauta ta ba. Ranar 22 ga Agustan 2015 wani tsohon jet, Hawker Hunter, ya tafi yin alkafura a bikin Shoreham da ke kudancin Ingila. Masu bincike sun gano ya shiga da ƙarancin gudu, ya kai ƙololuwa a kimanin ƙafa 2,700 alhali mafi ƙaranci da yake buƙata 3,500 ne, don haka bai samu sararin kammala juyin ba. Ya faɗa kan babbar hanyar A27, mutum 11 suka mutu, cikinsu akwai masu wucewa a mota da ba ruwansu da biki. A watan Oktoban 2019 B-17 mai suna Nine-O-Nine ya faɗi a jihar Connecticut ɗauke da fasinjojin da suka biya kuɗi, bakwai cikin mutum 13 suka rasu. Bincike ya nuna na'urorin da ke ba filogi wuta a inji ɗaya sun lalace, filogin wani injin sun cinye, wato sakacin gyara ne ƙiri-ƙiri, ga kuma kuskuren matuƙi wajen dawowa. A watan Nuwamban 2022 a Dallas, ƙaramin jirgi P-63 ya yi karo da B-17 a gaban jama'a, mutum shida suka halaka, hukumar bincike ta ce ba a tsara tun a ƙasa yadda za a raba tsayin jiragen ba, sai mai ba da umarni ya riƙa sarrafa su da baki a rediyo. Ko rukunin Coningsby, da ake kafa misali da tsantseninsa, ya rasa matuƙinsa Mark Long a cikin Spitfire a watan Mayun 2024.

Ka lura da ukun farko. Babu inda tsufan jirgi shi kaɗai ya jawo abin. Mutane ne suka yi sakaci da gyara, ko da tsari, ko da tsayi da gudu. Don haka sharaɗina na biyu shi ne a rage nuna bajinta. Tsohon jirgi ya wuce a miƙe, ya ɗan karkata fiffike jama'a su ga bayansa, ya zagayo, ya isa. Bayan Shoreham hukumar sufurin sama ta Birtaniya ta taƙaita wasan tsofaffin jet a kan tudu, ta tsaurara ba da izinin wasa ga matuƙa, ta kuma tilasta a riƙa lissafa mutanen da ke wajen filin. Wasu bukukuwa sun mutu saboda tsadar inshora da sababbin ƙa'idoji, masoya suka yi ta ƙorafi. Ni ina bayan hukumar. Matuƙi ya san kasadar da ya ɗauka, ya kuma yarda da ita. Wanda ke wucewa a mota kan hanyarsa kuwa ba a nemi yardarsa ba.

Kuɗi kam suna ci. Ana samo su daga tikiti, da gudunmawar magoya baya, da ɗaukar fasinja a Spitfire mai kujera biyu, inda rabin awa ke cin dubban fam. B-17 ɗaya tilo da ke tashi a Turai, Sally B da ke filin jirgin Duxford na Ingila, shekara da shekaru ƙungiyar magoya bayansa ce ke riƙe da shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya kamata a faɗa. Waɗannan kayan kisa ne. Lancaster ɗin da ake tafa wa, irinsa ne suka ƙona Dresden a watan Fabrairun 1945, inda kimanin mutum 25,000 suka mutu. A ɗaya ɓangaren kuma, cikin ma'aikatan jiragen bama-bamai na Birtaniya kimanin 125,000, guda 55,573 ba su dawo ba, yawancinsu samari 'yan ashirin da 'yan kai. Bikin kirki yana faɗin duka biyun. Wanda ya taɓa sunkuyawa ya shiga cikin Lancaster, ya haura ƙaton ƙarfen da ya gitta tsakiyarsa, zai gane dalilin da ya sa kaɗan ne suka iya fita in jirgin ya kama wuta cikin dare. In jirage suka wuce a jere, ɗaya ya zare ya yi sama ya bar gurbinsa, alamar wanda bai dawo ba ke nan, kuma fili yakan yi tsit. A Amurka ana yawo da wani Mustang mai jar wutsiya gari-gari don koya wa yara tarihin matuƙan Tuskegee, baƙaƙen fatar da suka yi yaƙi a lokacin da rundunarsu ke ware su.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi, ko da yake ba a cika faɗa ba. Jiragen farko da suka sauka a Kano, a watan Nuwamban 1925, na sojan saman Birtaniya ne, guda uku samfurin DH.9A, sun taso daga Masar. A 1940, da hanyar Bahar Rum ta toshe, sai aka koma kawo jirage a akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartum, sannan Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, jirgin bama-bamai Blenheim ɗaya yana jagorantar wasu jiragen faɗa Hurricane, kuma zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Kakanninmu sun ji ƙarar Merlin a kan Kano kusan kullum. Blenheim ɗin da ke tashi yau a duniya guda ɗaya ne, a Duxford. Masu aikinsa sun gina na farko ya faɗi a 1987, wata guda bayan tashinsa. Suka gina wani, ya lalace wajen sauka a 2003. Suka sake komawa kansa shekara 11, suka sa masa hancin wani tsohon Blenheim da wani ma'aikacin kamfanin da ya ƙera shi ya taɓa mayarwa motar lantarki bayan yaƙi, ya tashi a watan Nuwamban 2014. Sharaɗina na farko bai hau kansa ba, tunda akwai 'yan'uwansa a gidajen tarihi.

Abin da zai iya kawo ƙarshen harkar nan gaba, a ganina, abu biyu ne. Man da injinan ke sha yana da dalma a ciki, ita ke hana shi fashewa kafin lokaci a cikin silinda, kuma Amurka ta sa 2030 a matsayin shekarar da take son rabuwa da irin wannan mai. Dole a gwada sabon man a kan Merlin da manyan injina zagayayyu a tabbatar ba zai ƙona bawul ba. Na biyu kuma shekarun masu aikin ne. Waɗanda suka koya daga hannun makanikan yaƙi su ma yanzu sun tsufa. Kamfanonin gyara a Duxford da New Zealand suna ɗaukar matasa koyon aiki, sai dai yaron da ya samu lasisin injiniya yakan ga albashin kamfanin jiragen fasinja ya fi, kuma ana ɗaukar shekaru kafin a yarda mutum ya sa hannu a kundin Spitfire cewa ya cancanci tashi.